Fashin baƙi: Idan maganin "sanyi" ya ƙi ci, wace ƙwayar cuta ce ke cin ƙodar?

Shin "sanyi" yana iya kashe ƙoda? In kuwa yana iyawa, me ya sa mutum zai sha maganinsa karo uku ko huɗu, a haɗa masa da allurar taifot, a ƙara masa ruwa leda biyu, amma ciwon kwiɓi da masassarar dare su ƙi barinsa, sai wata rana a ce masa ƙoda ɗaya ta tashi daga aiki?

Duk lokacin da aka fitar da hoton wani bawan Allah a Facebook ana neman gudunmawar wankin ƙoda, a Birnin Kebbi ne ko Jega ko Argungu, sai wannan muhawara ta taso. Wannan ya ce takin zamani ne da maganin feshi, wancan ya ɗora wa lemun kwalba, wani ya ce da hannu a ciki. Wata dattijuwa kuma ta ce sanyi ne aka bari ya hau sama. A cikinsu duka dattijuwar ce ta taɓo wani abu, sai dai maganarta ta tsaya a rabin hanya. Abin da ya hau saman yana da suna, kuma wani lokaci ba ya cikin waɗanda maganin kemis ya san su.

Akwai cututtukan ƙoda masu tsanani da littattafan likitanci ke ajiyewa a babin "ba kasafai ake gani ba", saboda ƙwayoyin da ke haddasa su ba su ne aka saba samu a fitsari ba. Yawancin littattafan nan a Turai da Amurka aka rubuta su. Da ka bi sunayen ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar da yawansu maƙwabtanmu ne: wata a ƙwaryar nono take, wata a ruwan fadama, wata a ƙirjin mutanenmu. A ganina abin da ya yi ƙaranci a wurinmu shi ne neman su.

"Ciwon ƙoda" da "sanyi": sunaye biyu da suka haɗiye cututtuka da yawa

Ƙoda biyu ce, kowace ba ta wuce dunƙulen hannun mai ita ba, suna maƙale ta baya a ƙarƙashin haƙarƙari. A kwana guda suna tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki. Ɗan abin da ya rage, lita ɗaya zuwa biyu, shi ne fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririyar hanya da ke sauke shi a mafitsara.

Idan Bahaushe ya ce "ciwon ƙoda" ya haɗa abubuwa aƙalla uku. Akwai lalacewa ta sannu a hankali, wadda hawan jini da ciwon suga suka fi jawowa, ita ce ke cika ɗakunan wanki. Akwai wadda guba ke jawowa. Mutanen Zamfara ba su manta da gubar dalmar 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ba, wadda ta kashe yara aƙalla 400, dalma kuwa tana cikin abubuwan da ke ɓata ƙoda. Sai ta uku, inda ƙwayar cuta mai rai, wato bakteriya, ke shiga tsokar ƙodar ta yi gida. Wannan ce zancenmu, kuma ita ta fi ban takaici, domin ita ce aka fi iya warkarwa tas in an san ƙwayar da wuri.

"Sanyi" ya ma fi rikitarwa. Zafin fitsari sanyi, ƙaiƙayin gaba sanyi, farin ruwa sanyi, rashin haihuwa sanyi, har ciwon gwiwa sanyi. Tsaya kusa da motar masu magani ranar kasuwar Jega, za ka ji lasifika tana jera su duka ta ɗura a gora ɗaya. A asibiti kuwa kowanne da gidansa: wasu ta jima'i ake ɗauka, wasu na mafitsara ne, wasu ma babu ruwansu da ƙwayar cuta.

Bambancin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne na mafitsara da na ƙoda. In ƙwayar tana mafitsara, akwai zafi da yawan fita da nauyin mara, amma mutum yana harkarsa. In ta hau ƙoda, masassara ce mai kaɗa haƙora, da amai, da ciwo a kwiɓi ɗaya. Likita zai ɗora tafinsa a bayan majiyyaci, ƙasan haƙarƙari na ƙarshe, ya ɗan buga da dunƙulen ɗaya hannun. Mai lafiya ba zai ji komai ba. Mai ciwon zai zabura kamar an soka masa tsinke.

Ta ina take shiga?

Hanya biyu ce. Ta farko daga ƙasa: ƙwayar ta bi hanyar fitsari ta shiga mafitsara, ta haura zuwa ƙoda. Jagora a nan ita ce E. coli, wadda ke da alhakin kusan kashi 80 cikin 100 na ciwon fitsari na yau da kullum. Mazauninta hanjin mutum, ba a masan maƙwabta ake ɗebo ta ba kamar yadda ake ta faɗa. Mata sun fi kamuwa saboda hanyar fitsarinsu gajeriya ce, wajen santimita 4, ta namiji kuwa tana kai 20.

Ta biyu ta jini. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ƙoda yake nufa, don haka duk ƙwayar da ta samu shiga jini, daga maruru, ko gyambo, ko allura marar tsafta, ko huhu, dole ta ratsa ta wurin. Yawancin baƙin ƙwayoyin da za mu ambata ta nan suke bi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fitsari mai gudu yana wanke hanyarsa da kansa. Da ya tsaya ya zama kududdufi. Abubuwan da ke tsayar da shi sanannu ne: tsakuwar ƙoda, kumburin furostet da ke sa tsofaffi riƙewar fitsari, tabon tsargiya, juna biyu, da robar fitsari da ta daɗe ba a sauya ba. Ɗaya tsagewar ita ce raunin garkuwar jiki, daga ciwon suga, ƙanjamau, sikila, ko ƙwayoyin "sha ka fashe" da 'yan mata ke sha don ƙiba, waɗanda wasunsu ke karya garkuwa kuma su ɗaga suga.

Ƙwayar gida, ɓarnar baƙo

Kafin mu kai ga baƙi, akwai lokacin da sananniyar ƙwaya ke yin ta'adin da ba a saba ba. A jikin mai ciwon sugar da ba a kula da ita ba, E. coli ko 'yar uwarta Klebsiella kan samu sukari a yalwace a cikin ƙoda, su ci, su fitar da iska, kamar yadda ƙullun waina ke tashi. Iskar ta taru cikin tsokar ƙodar, tsokar ta fara ruɓewa. Wajen tara cikin goma na masu wannan ciwon ƙoda mai tara iska masu suga ne, wasunsu ma a ranar suke fara jin cewa suna da sugar. Cikin 'yan kwanaki yake kisa. Hoton siti-sikan ne ya fi nuna shi, kuma allura kaɗai ba ta cika isa ba, sai an zura roba ta kwiɓi an zuƙe iskar da mugunya, in abin ya wuce nan a cire ƙodar.

Ita kuma Proteus magina ce. Tana farfasa wani sinadari na fitsari ya koma mai warin kanwa-kanwa, daga nan gishirin cikinsa ya fara dunƙulewa ya zama dutse. Dutsen yana girma ya cika rassan cikin ƙoda har ya ɗauki siffar ƙahon barewa, ƙwayar kuma ta ɓuya a cikinsa inda magani ba ya kaiwa. Mai wannan zai sha magani ya ji sauƙi, ya daina ya dawo, shekara da shekaru. A wasu mutane, galibi mata masu matsakaitan shekaru, ƙodar kan rikiɗe ta zama dunƙulen tsoka mai ruwan ɗorawa da ke kama da ciwon daji a hoto, har sai an cire ta an duba sannan a gane ba daji ba ne.

Tarin fuka ba tare da tari ba

Kawuna manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, mutumin da ciwo ba ya kwantar da shi. Wata shekara ya fara tashi fitsari sau biyar, sau shida a dare, wani lokaci da ɗan jini-jini, ga masassara da la'asar, ga zufa da dare har shimfiɗa ta jiƙe. Wando ya fara yi masa yawa. An yi gwaji a wani ɗakin awo aka ce taifot, ya sha magani. Aka ce sanyi, ya shanye gora biyu ta na gargajiya. Mai kemis ya ba shi sifro, wani maganin kashe ƙwayar cuta, ya ji daɗin jikinsa mako biyu, abu ya dawo. Aka sake, ya sake lafawa, ya sake dawowa. Ranar da na je duba shi ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga abu ya hi ƙarhin allura, ku bar ɓarnar kuɗɗinku." Da ƙyar muka lallaɓa shi zuwa asibiti.

Takardar gwajin ta zo da abu mai ɗaure kai: mugunya fal a fitsari, amma ƙwaya ba ta tsiro ba. Aka maimaita, haka. Likita ta uku da muka gani, wata matashiya, ta ajiye biro ta ce, "Baba, ka taɓa yin tari mai daɗewa, ko da a shekarun baya ne?" Ya yi shiru, sannan ya ce ya yi, tun kafin auren 'yarsa ta fari, wata uku yana fama, ya tafi da kansa. Ta sa aka riƙa kawo fitsarin farko na asuba kwana uku a jere. Ƙwayar tarin fuka ce, a ƙodar mutumin da ya fi shekara goma bai yi doguwar tari ba.

Haka take yi. Lokacin da ta fara kama huhu takan bi jini ta sauka a ƙoda, ta yi likimo shekara biyar, goma, har ashirin, sai tsufa ko suga ko wata lalura ta raunana jiki sannan ta farka. Tana cin ƙodar daga ciki, tana barin tabo a hanyar fitsari har ta tsuke, tana ƙanƙance mafitsara ta kasa riƙe ko rabin kofi, shi ya sa yawan tashin dare. Ba ta tsirowa a farantin gwajin fitsari na yau da kullum. Tana da nata abincin, kuma takan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin ta fito, ko da yake na'urar GeneXpert da ke cibiyoyin tarin fuka tana iya gano ta cikin awanni. Sauƙin da Kawu ya riƙa ji kuwa ba ƙarya ba ne. Sifro da danginsa suna ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka, su danne ta ba su kashe ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba, kuma an ɓatar da sawunsa.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. A irin wannan ƙasa, mugunya a fitsari ba tare da ƙwaya ta tsiro ba bai kamata ya kai ga likita ta uku kafin a tuna da shi ba. Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ake sha. Kwana biyu da farawa Kawu ya kira ni da asuba a ruɗe: "Hitsarina ya koma jini!" Ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin ne, rifamfisin, ke rina fitsari da zufa da hawaye su yi ja kamar ruwan goro, an manta ba a gaya masa ba. Wanda nasa a ƙoda kaɗai yake, huhunsa lafiya, ba ya yaɗa shi ta numfashi, saboda haka babu dalilin ware masa kwano.

Nono, fadama da tsargiya

Tarin fuka yana da nau'in shanu, wanda ake sha a ɗanyar madara. A ƙwarya ɗaya da shi akwai Brucella, ƙwayar da ke sa shanu da awaki ɓari, wadda Fulani ke kiran cutarta bakkale. Wani likitan sojan Ingila, David Bruce, ya gano ta a tsibirin Malta a 1887. Tana kama mai shan madarar da ba a tafasa ba, da mahauci, da makiyayin da ke cire mabiyiya da hannu tsirara. Masassararta tana zuwa tana tafiya wata da watanni, da ciwon baya da gaɓoɓi, shi ya sa ta dace da rigar "taifot mai naci". A maza ta fi kumbura maraina. Ƙoda ba ta cika taɓawa ba, amma tana taɓawa. Maganinta iri biyu ake haɗawa har mako shida, ba na kwana biyar ba. Tsamin nono ba tabbacin ta mutu ba ne, tafasawa ce tabbas.

Wadda ta fi damuna game da Kebbi ita ce Leptospira. Siririya ce mai murɗiya kamar igiya, gidanta ƙodar ɓera, shi kuma ba ta yi masa komai. Yana fitsarar da ita a gona da rumbu da kwata, haka shanu da karnuka, ta zauna a danshi makonni tana jira. Manomi ya shiga ruwa da faso a dunduniya ko yankan lauje a yatsa, ta shige. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai masassara, ciwon kai, jan ido marar kwantsa, da ciwon sha-raɓa mai hana takawa. Yawancin mutane suna warkewa a ɗauka maleriya ce. Wajen ɗaya cikin goma abin kan yi tsanani: ido ya yi shawara, fitsari ya ragu ko ya ɗauke, jini ya fara ɓallewa. Wani likitan Jamus, Adolf Weil, ya siffanta wannan tun 1886, kuma an ƙiyasta tana kama mutum wajen miliyan ɗaya a duniya duk shekara, ta kashe kusan 59,000. A ƙasashen Asiya masu noman shinkafa an san ta da cutar manoma da ta bayan ambaliya. To, tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 mutane nawa suka ƙaru a cikin ruwan fadamun Argungu da Suru da Yauri, rani da damina? Ga kuma ambaliya irin ta 2020. Ɓera muna da shi, ruwa muna da shi, ƙafa ba takalmi muna da ita. Wanda ya zo da shawara da ƙarancin fitsari bayan ambaliya, akan tsaya ne a ciwon hanta ko maleriya. Alhali magunguna masu araha irin su doksisaikilin da fenisilin suna kashe ta, kuma ƙodar da ta tsayar takan farfaɗo in an riƙe majiyyacin da wanki na ɗan lokaci.

Tsargiya tsutsa ce, ba bakteriya ba, amma ita ce mai buɗe ƙofa. Yaron da ya taso yana wanka a bakin Neja a Yauri, ko a magudanan Bakolori a Talata Mafara, yana fitsarin jini ana cewa balaga ce, ƙwan tsutsar yana nan yana yi masa tabo a mafitsara da hanyoyin ƙoda. Bayan haka, Salmonella, dangin ƙwayar taifot, tana iya maƙalewa a jikin tsutsar ta samu mafaka. Sai a yi ta kashe ta a fitsari tana dawowa, har sai an ba da firazikwantel, maganin tsargiya, an kashe mai masaukin.

Akwai kuma Burkholderia pseudomallei, mazauniyar laka, wadda ta addabi manoman shinkafa masu ciwon suga a Tailan da arewacin Ostareliya, tana tara mugunya a huhu, hanta, furostet da ƙoda. An tabbatar da ita a samfurin ƙasar da aka ɗiba a Najeriya a 2019. Jentamaisin da amfisilin, alluran da aka fi yi a ƙauyukanmu, ba sa yi mata komai.

Me ya sa gwaji ke cewa babu komai?

Gwajin da ke faɗin sunan ƙwaya shi ne na reno, wanda ma'aikatan lab ke kira kalca. Ana shafa ɗigon fitsari a kan wani ɗan faranti mai ɗauke da abu kamar daskararren koko, a sa shi a akwati mai ɗumin jikin mutum. Washegari ƙwayar ta fito ɗigo-ɗigo. A ɗebe ta a shimfiɗa a wani farantin, a jera 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban. Kwana ɗaya kuma sai a duba: takardar da kewayenta ya yi fayau, maganinta yana aiki, wadda ƙwayar ta mamaye har gindinta, an yi asarar kuɗi in an saye shi. Kwana biyu zuwa uku ke nan.

Farantin kan fito wayam saboda dalilai da dama, kuma mafi yawa shi ne mutum ya riga ya sha Ampiclox ko sifro kafin ya kawo fitsarin. Ko ƙwayar ba ta cin wannan abincin, kamar ta tarin fuka da Leptospira. Ko tana da nawa, aka zubar da farantin kafin ta fito, kamar Brucella da wata Corynebacterium urealyticum mai shafe cikin ƙoda da ɓawon gishiri. Ko kuma dutse ya toshe hanyar ƙodar mai ciwon, fitsarin da ya iso kwalba na lafiyayyar ne.

Akwai kuma akasin haka, inda faranti ke nuna abin da babu. Nan ne "sitaf" ya samu kasuwa. Wannan ƙwaya, wato Staphylococcus, a fatar kusan kowa ake samun danginta. In an karɓi fitsari a kwalbar turare, ko aka bar shi rabin yini a aljihu, dole wani abu ya tsiro. Da wannan takarda ake tsorata ma'aurata, a sayar musu da magani na dubbai, wani lokaci har aure ya girgiza. Abin dariyar da ba na dariya ba, in da gaske nau'inta mai haɗari ne a fitsarin mai masassara, alama ce ta yiwu tana cikin jini, ko ta tara mugunya a ƙoda, wanda zancen gadon asibiti ne ba na gora ba. Yadda ake karɓar fitsari: a wanke gaba, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar da lab ya bayar, a kai cikin awa biyu.

Laifin wa?

Likita zai ce majiyyaci ba ya zuwa sai ya gama zagaye, ya sha rabin magani kala huɗu. Yana da hujja. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a. Ita kanta E. coli ta gida tana zama baƙuwa in ta daina jin duk abin da ke kan kanta.

Mai kemis zai ce da ƙarfe biyun dare a ƙauyen Danko-Wasagu ko Maru, inda hanya ba ta biyuwa sai rana ta fito, shi kaɗai ne tsakanin mai masassara da kabari. Shi ma ba ƙarya ya yi ba. Inda nake ganin laifinsa shi ne allurar jentamaisin da diklofenak, maganin ciwon jiki, da ake dankara wa mai amai wanda jikinsa ya bushe. Dukansu biyu suna iya raunata ƙoda, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Masu maganin gargajiya akwai na kirki a cikinsu, amma abin da ba a san ma'auninsa ba ƙoda ce za ta tace shi, kuma ko bai cutar ba ya cinye makonnin da ake bukata.

Su kansu likitoci ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na ganin farautar cutar da ba kasafai ake gani ba ɓarnar kuɗin talaka ce: a fara da abin da ya fi yawa, a ba da magani nan take, domin jiran kwana uku na iya kashe mai ciwon ƙoda. Wannan daidai ne a karon farko, da sharaɗin a karɓi fitsarin kafin ƙwayar maganin farko ta shiga baki, a gyara maganin in sakamako ya fito. Amma in an yi kwana uku ana magani masassara ba ta sauka ba, ko ciwon ya dawo karo na biyu, ci gaba da sauya kwali barin jaki ne ana dukan taiki. Nan ne wurin hoton ciki, da awon suga, da awon aikin ƙoda, da tambayar sana'a.

Abin da ke jiran mai ƙaramin ƙarfi

Lissafin ba shi da wuya. Gwajin reno, awon suga da hoton ciki kuɗi ne, amma sau ɗaya ko biyu ake biya. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ne a mako, ba ranar gamawa. Ko da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, mutumin ƙauye yana da kuɗin mota da masauki da mai jinya a kai. Gonaki da shanu da yawa sun tafi ta wannan hanya. Aikin da ya fi ƙarfin ƙananan asibitoci, kamar zura roba a ƙodar da ta toshe ko fasa dutse, sai an dangana da manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Gusau, sau da yawa ma har asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Masassara da ciwon kwiɓi a jikin mai juna biyu, ko mai suga, ko tsoho, ko mai ƙoda ɗaya, ba ta kwana a gida. Haka in fitsari ya ragu ƙwarai, ko ido ya yi shawara, ko mutum ya fara sambatu da haki, domin alama ce ƙwayar ta bazu a jini. In an je, a tafi da kwalayen duk abin da aka sha, har gorar. A kuma faɗi abin da ba a tambaya ba: ina kwana cikin ruwan shinkafa, ina shan madara daga hantsa, shanuna sun yi ɓari bana, na yi fitsarin jini ina yaro, na taɓa doguwar tari. Likitan da ya ga mutum sittin tun safe ba lallai ya tuna ya tambaya ba.

Kawu ya gama wata shidansa, masassara ta tafi, wando ya koma daidai. Hoton ƙarshe ya nuna ƙodar hagu ta riga ta ƙanƙance, hanyarta ta tsuke, ba za ta dawo ba. Ta dama ce ke riƙe da shi. Duk wata shida yana zuwa Birnin Kebbi a auna jininsa, kuma an hana shi diklofenak, wanda a da shi ne abokin ciwon bayansa duk lokacin dashe.